Jadawali, Ajanda da Jerin Ƙararraki: Asalin Kalmomin da Abin da ke Bayansu

Duk wanda ya taɓa zuwa babbar kotu da safe, a Kano ko Kaduna ko Jos, ya san inda jama'a ke fara yin cincirindo. Tun kafin alƙali ya zauna, za a ga lauyoyi da masu ƙara da 'yan rakiya sun yi dafifi a gaban wata takarda da ma'aikatan kotu suka manna a allon sanarwa, kowa yana bin layukanta da yatsa. A cikinta akwai lambar kowace ƙara, da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da matakin da shari'ar take a kai: ko ambato, ko sauraro, ko yanke hukunci. Wanda ƙararsa ta fito a takardar yana da damar tsayawa gaban alƙali a ranar. Wanda tasa ba ta fito ba kuwa, ko da daga ƙauye mai nisa ya yi sammako, sai ya juya gida.

Mene ne sunan wannan takarda da Hausa? A gidajen rediyo da jaridu akan ji wani ya ce jerin ƙararraki, wani ya ce jadawalin shari'u, wani ma ya ce ajandar kotu. Mai sauraro yakan gane abin da ake nufi, amma kalmomin uku ba ma'ana ɗaya suke ɗauke da ita ba, kuma ba daga gida ɗaya suka fito ba. Bin sawunsu yana nuna cewa kowace takarda irin wannan tana amsa tambayoyi daban-daban: me za a duba, yaushe za a duba shi, wanne zai riga wanne, kuma a gaban wa. Yana kuma nuna dalilin da ya sa tun zamanin da ake kokawa a kan wanda zai riƙe alƙalamin rubuta ta.

Magudanar ruwa, fata da naɗin takarda

Daga cikin kalmomin uku, jeri ce kaɗai 'yar gida. Ta fito daga aikatau jera, wato a sa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake jeren kwalla a ɗakin amarya, ko yadda gwano ke tafiya har aka sami jerin gwano. Abin da jeri ke nunawa shi ne na gaba da na baya, ba ruwansa da rana ko sa'a.

Jadawali kuwa baƙo ne daga Larabci. Asalinsa “jadwal”, kuma ma'anarsa ta farko ita ce ƙaramar ƙorama ko magudanar da ake ja a lambu don kai ruwa ga shuka. Da marubuta suka fara ja wa shafi layuka a tsaye da a kwance don su zuba lissafi a ciki, sai shafin ya yi kama da lambun da aka yanka fangali-fangali, ruwa na bi ta tsakani. Daga nan sunan magudanar ya koma kan shafin. Masana taurari na daular Abbasiyya, irin su Al-Khwarizmi a ƙarni na 9, sun cika littattafansu da irin waɗannan shafuka na lissafin tafiyar rana da wata, kuma da wannan suna ake kiran gidajen hatimi a Larabci. Da kalmar ta shigo Hausa sai aka yi mata kwaskwarima. Hausa ba ta son harafin “d” ya rufe gaɓa a gaban wani baƙi na daban, don haka aka cusa wasali a tsakani, aka kuma ƙara wani a ƙarshe, ta zama ja-da-wa-li. A yau ana cewa jadawalin darussa, jadawalin jarrabawa, jadawalin lokutan salla da shan ruwa, jadawalin zaɓe. Abin da ya haɗa su duka shi ne lokaci: kowane abu an ba shi gidansa na rana ko na sa'a.

Wani abin sha'awa shi ne mutanen Holan ma irin wannan kamance suka yi, sai dai su ba lambu suka gani ba. Kalmarsu “rooster” tana nufin ƙarfen gashi mai sanduna a jere, irin wanda mai balangu ke ɗora nama a kai. Takardar rabon aikin gadi ta sojoji, da layukanta, ta yi musu kama da wannan ƙarfe, suka ba ta sunansa. Ingilishi ya ara a ƙarni na 18, ta zama “roster”, wadda ma'aikatan asibiti da 'yan sanda a Nijeriya ke kira rosta.

Sauran kalmomin wannan fage, yawancinsu sunan abin da aka yi rubutu a kai ne. Daftari daga Larabci “daftar” yake, shi kuma Larabci ya samo shi daga kalmar Girkanci “diphthera”, wato jemammiyar fata, domin a kan fata ake rubutu kafin takarda ta wadata. Daga wannan kalma ce dai likitan Faransa Pierre Bretonneau ya raɗa wa cutar mashaƙo sunanta na likitanci a 1826, saboda yanar da take yi a maƙogwaro mai kama da fata. Kalmar Ingilishi “schedule” ta fito daga harshen Latin, “schedula”, ɗan guntun takarda. A kotunan Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, jerin ƙararrakin ranar sunansa “rôle”, daga “rotulus” ta Latin, wato takardar fata mai tsawo da ake naɗewa kamar tabarma. Shigar da ƙara a can shi ne sa ta a “rôle”, kuma akan soke ta daga cikinsa idan masu ita sun yi sakaci. Da yake a da akan rubuta wa ɗan wasan kwaikwayo maganganunsa a irin wannan naɗi, kalmar ta zama sunan rawar da mutum ke takawa a wasa. Akan kuma ajiye naɗi na biyu don a gwada shi da na farko a kama maguɗi, ana kiransa “contre-rôle”, kuma daga shi aka sami kalmar nan ta Faransanci da Ingilishi mai nufin sa ido da iko, wadda direbobi ke ji a bakin jami'an kan iyaka.

Kalanda tana da nata labarin, kuma na bashi ne. Rumawa suna kiran ranar farko ta kowane wata “kalendae”. A ranar ce ake biyan kuɗin ruwa na basussuka, don haka littafin da mai ba da rance ke rubuta masu biya ya sami sunan “kalendarium”. Ma'anar lissafin kwanakin shekara daga baya ta zo. A Ingila an daɗe ana kiran jerin sunayen fursunonin da za a gurfanar a zaman kotu kalandar fursunoni, kuma kotuna da majalisu da dama a Amurka suna kiran jerin ayyukansu kalanda.

Kalmar da ta fi rikitar da masu fassara ita ce “docket”. A Ingila ta ƙarni na 15 tana nufin taƙaitaccen bayanin abin da wata doguwar takarda ta ƙunsa. A Birtaniya ta yau an fi jin ta a kan 'yar takardar da ake liƙa wa kaya. A Amurka ita ce jerin ƙararrakin da ke gaban kotu, da kuma rajistar duk matakin da aka ɗauka a kowace ƙara. A Gana da Afirka ta Kudu kuwa tana nufin fayil ɗin binciken 'yan sanda da ake miƙa wa masu gabatar da ƙara. Saboda haka mai fassara labarin da ya zo daga Akara ko Kumasi, idan ya ga an ce wannan abu ya ɓace, fayil ne ya ɓace, ba jadawalin kotu ba. Kotunan Nijeriya da na Indiya ba su cika amfani da kalmar ba. Takardar da ake mannawa a allonsu sunanta “cause list”, kuma jerin ƙararraki ita ce fassarar da ta fi dacewa da ita.

Saura ajanda. A harshen Latin “agenda” jam'i ce, ma'anarta abubuwan da ya wajaba a aikata. Malaman coci sun yi amfani da ita suna bambanta ayyukan ibada da abubuwan da ake ƙudurcewa a zuci, kuma sai a ƙarni na 19 ta kafu a Ingilishi da ma'anar batutuwan da taro zai tattauna. A nan ma akwai tarko ga Bahaushen da ke tsallaka iyaka. A Faransanci “agenda” littafin aljihu ne da mutum ke rubuta alƙawuransa na kowace rana, batutuwan taro kuwa “ordre du jour” ake ce musu, wato tsarin ranar. Sakataren ƙungiya a Katsina idan ya ce ya manta ajanda, takardar taro ya manta. Takwaransa na Maraɗi da ya yi karatun Faransanci yana iya fahimtar cewa littafin aljihu ake nufi. Larabawa kuma sun haɗa biyun suka ce “jadwal al-a'mal”, jadawalin ayyuka.

Ajanda ta yi wani tsalle a 'yan shekarun baya, daga takardar taro zuwa manufa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Rio a 1992 ya fitar da Ajanda 21. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo da ajandarsa mai ƙudurori 7 a 2007. Tarayyar Afirka tana da Ajanda 2063. Daga nan ne kalmar ta sami ɗan warin zargi, har idan aka ce wane yana da wata ajanda, ana nufin akwai abin da ya ƙulla bai faɗa ba.

Wanda ya riƙe allon

Tarihin Rum ya adana labarin rigima ta farko da aka sani a kan jadawalin kotu. A can kwanakin shekara sun kasu: akwai waɗanda ya halatta a kai ƙara a cikinsu, akwai waɗanda bai halatta ba. Sanin wace rana ce wacce yana hannun limaman addininsu, waɗanda a lokacin duk daga gidajen masu sarauta suke. Talaka mai neman hakkinsa dole ya je ya tambaya, in kuwa ya kuskure rana ko lafazi, ƙararsa ta lalace. A shekara ta 304 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani magatakarda mai suna Gnaeus Flavius, ɗan 'yantaccen bawa, ya rubuta kalandar kwanakin a kan fararen alluna ya kafa a dandalin birnin, kowa ya gani. Masu sarauta sun ji haushi matuƙa. Irin wannan farin allo na sanarwa “album” ake ce masa, wato fari, sunan da ya gangaro har ya zama na littafin ajiye hotuna.

A birnin Atina na ƙasar Girka, babban taron 'yan ƙasa ba ya yanke shawara a kan wani batu sai majalisar mutum 500, waɗanda ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ta riga ta duba shi ta sa shi a ajanda. Akan kafe ajandar a kasuwa 'yan kwanaki kafin taro, kuma sunanta “programma”, abin da aka rubuta tun gaba. Hikimar a fili take: kada a yi wa jama'a ba-zata, a yanke hukunci a ranar da masu adawa ba su zo ba. Hikimar ce ta sa dokar kamfanoni ta Nijeriya ta wajabta ba masu hannun jari sanarwar kwana 21 kafin babban taro, tare da bayanin abin da za a tattauna. Ita ce kuma ta sa gogaggun 'yan kwamiti ke sa ido sosai a kan layin ƙarshe na ajanda, wato sauran batutuwa, domin ta wannan kafa ake shigo da babban al'amari bayan rabin mahalarta sun gaji sun fita.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan fage ga son ran alƙali ba. Al-Khassaf, malamin Hanafiyya na Bagadaza da ya rasu a 874, ya bayyana a littafinsa na ladubban alƙali yadda ake rubuta sunayen masu ƙara a 'yan guntayen takardu, a raba su bisa kwanaki, a yi ƙuri'a don sanin wanda za a fara kira. Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, kuma alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogaro da shi, ya shimfiɗa tsari dalla-dalla. Sabon alƙali zai fara da duba waɗanda ke tsare a kurkuku, sa'an nan wasiyyai da dukiyar marayu, sa'an nan ɓatattun dukiyoyi. A zaman yau da kullum kuma, matafiyi ne a gaba, da duk abin da ake tsoron zai lalace ko ya wuce in an jinkirta, sai wanda ya riga zuwa. Idan ba a san wanda ya riga ba, a yi ƙuri'a. An kuma so a ware wa mata lokaci ko rana tasu. Duk wanda ya karanta tsarin karɓar majinyata a sashen gaggawa na asibiti zai ga kamannin: ba wanda ya fara zuwa kaɗai ake dubawa ba, ana auna wanda jira zai fi cutarwa.

A majalisun dokoki takardar ayyukan rana ita ce filin daga. A Majalisar Tarayyar Nijeriya kwamitin dokoki da tsare-tsaren ayyuka ne ke shirya ta, kuma ƙudurin da bai hau kanta ba yana iya kwanciya har wa'adin majalisa ya ƙare, ba tare da kowa ya jefa ƙuri'ar ƙin sa ba. A Amurka, a watan Maris na 2016, Shugaba Obama ya gabatar da sunan Merrick Garland don zama alƙalin Kotun Ƙoli. Masu rinjaye a Majalisar Dattawa ba su kayar da shi ba, sun dai ƙi sa masa ranar sauraro, har sunan ya faɗi da kansa a Janairun 2017 bayan kwana 293.

Lissafin da ke cikin jeri

Mai karatu yana iya cewa, to, hana batu shiga ajanda iko ne, amma in dai ya shiga, ai ko na farko ne ko na ƙarshe, rinjaye ne zai yi aiki. Lissafi ya nuna ba kullum haka abin yake ba.

A ɗauka wani kwamitin raya ƙauye yana da kuɗin aiki ɗaya tak, kuma akwai shawara uku: rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani, da ajin makaranta. 'Yan kwamitin sun kasu gida uku daidai wa daida. Kashi na farko sun fi son rijiya, sai ɗakin magani, sai aji. Kashi na biyu sun fi son ɗakin magani, sai aji, sai rijiya. Kashi na uku sun fi son aji, sai rijiya, sai ɗakin magani. Idan aka kara rijiya da ɗakin magani, rijiya za ta ci da biyu bisa ɗaya. Idan aka kara ɗakin magani da aji, ɗakin magani zai ci. Hankali zai ce ke nan rijiya ta fi aji. Amma da za a kara su, aji ne zai ci da biyu bisa ɗaya. Rinjayen yana zagayawa kamar wasan yara, babu gwani na gwanaye. Abin da wannan ke nufi shi ne duk shawarar da aka ajiye sai zagaye na ƙarshe ita za ta yi nasara. Shugaban kwamiti mai son aji ba ya bukatar ya sayi ƙuri'ar kowa. Ya isa ya ce a fara da rijiya da ɗakin magani, wadda ta ci ta kara da aji.

Masanin lissafi na Faransa, Condorcet, shi ya bayyana wannan zagaye a 1785. A 1976 Richard McKelvey ya nuna da hujjar lissafi cewa, idan batu yana da fuskoki biyu ko fiye kuma babu matsayar da ta rinjayi kowace, mai tsara jerin ƙuri'u yana iya jan taro mataki-mataki zuwa kusan duk inda ya ga dama, muddin masu jefa ƙuri'ar ba su hango inda ake nufa da su ba. Wasu masana biyu na Amurka, Charles Plott da Michael Levine, sun gwada abin a aikace. Levine memba ne a wata ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jiragen sama da ke shirin sayen sababbin jirage, kuma ya sami hannu a tsara ajandar taron. Suka jera tambayoyin ta yadda kowace ƙuri'a za ta zubar da wasu zaɓuɓɓuka, taron kuwa ya ƙare a kan irin jiragen da Levine ke so. Daga baya suka maimaita gwajin da ɗalibai, suka wallafa sakamakon a 1977 da 1978. Akwai abin dubawa a halaccin yi wa abokan ƙungiya irin wannan gwaji, amma darasin ya tabbata.

Rumawa sun san dabarar ba tare da lissafin ba. A shekara ta 105 aka tsinci gawar wani babban jami'i, Afranius Dexter, ba a san ko shi ya kashe kansa ko mutanen gidansa ne suka kashe shi ba. Majalisar dattawa ta rabu uku a kan 'yantattun bayinsa: a sake su, a kore su daga ƙasa, ko a kashe su. Pliny Ƙarami, wanda ke goyon bayan sakinsu, ya dage a ƙirga ra'ayoyin uku kowanne daban, yana fatan rabuwar sauran biyun ta ba ɓangarensa nasara. Masu son kisa suka gane, suka janye tasu shawarar suka koma wa masu son kora, aka kore su. Dabarar ajanda tana ci ne idan sauran mahalarta ba su farga ba.

A kotu ma an yi ƙoƙarin auna tasirin jeri. A 2011 Shai Danziger da abokan aikinsa biyu suka wallafa nazarin hukunci 1,112 da alƙalai 8 suka yanke a Isra'ila kan fursunoni masu neman sassauci. Sun gano cewa a farkon zama kusan kashi 65 cikin 100 na buƙatun ne ake amincewa da su, adadin ya yi ta raguwa har ya kusa sifiri gab da hutun cin abinci, bayan hutu kuma ya sake hawa. Labarin ya bazu duniya da sunan alƙalai masu jin yunwa. Sai dai a shekarar wasu masana biyu, Keren Weinshall-Margel da John Shapard, suka nuna cewa jerin ba na kan-mai-uwa-da-wabi ba ne: fursunonin da ba su da lauya, waɗanda dama ba su cika samun sassauci ba, akan bar su sai ƙarshen kowane zama. Ke nan wani ɓangare na abin da aka ɗora wa cikin alƙali yana iya zama aikin wanda ya tsara jerin. Muhawarar ba ta mutu ba, amma ta koya wa masu bincike su fara tambayar yadda aka jera ƙararraki kafin su fassara sakamako.

Tsawon layi

Jerin ƙararraki layi ne, kuma layi yana da ilminsa. Injiniyan tarho na ƙasar Denmak, A. K. Erlang, shi ya aza harsashinsa a 1909 yana lissafin yawan layukan waya da birni ke bukata. A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan shiga da fita sun daidaita, yawan masu jira daidai yake da yawan masu shigowa a shekara sau tsawon jiran kowanne. Alal misali, kotun da ke karɓar ƙara 600 a shekara, tana gama 600, amma tana da 1,800 a jibge, kowace ƙara za ta shekara 3 a matsakaici kafin ta fita. In kuwa tana karɓar 600 tana gama 550, tulin zai ƙaru da 50 duk shekara, kuma ba tsarin jeri da zai hana.

Akwai wani sakamako da ya fi wannan ban mamaki. Tun da ƙararraki ba sa zuwa a tsare, kuma wata takan ɗauki awa guda wata ta ɗauki wata shida, layi yakan taru ko da kotu ba ta cika maƙil ba. A mafi sauƙin misalin da masana ke lissafawa, idan aikin da ke shigowa ya kai kashi 80 cikin 100 na abin da ma'aikaci zai iya, matsakaicin waɗanda ke cikin layi, har da wanda ake yi wa aiki, 4 ne. A kashi 90 sun zama 9, a kashi 95 sun zama 19. Ƙarin aiki kaɗan a kan alƙalin da dama ya kusa cika yana ninka jira, haka kuma ƙarin alƙali ɗaya yana iya rage shi fiye da yadda ake zato.

Adadin ba wasa ba ne. A Indiya ƙararrakin da ke jira a dukkan kotuna sun haura miliyan 50 a 2023. A Nijeriya, a wannan shekara, fiye da kashi 60 cikin 100 na mutanen da ke gidajen gyaran hali zaman jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin a saurari shari'arsa cikin lokacin da ya dace, sashe na 294 kuma ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala shaidu da jawaban ƙarshe. Dokar gudanar da shari'un laifuka ta 2015 ta ƙara da cewa a riƙa sauraro kullum-kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa 5. Kowace ɗagewa mayar da ƙara ce cikin layi, ta sake cin gurbin da wata za ta shiga.

Kotun Ƙolin Amurka ta magance nata cunkoson ta wata hanya. Tun daga dokar 1925 ita ke zaɓar yawancin ƙararrakin da za ta saurara. Dubbai ake kawo mata a shekara, waɗanda take saurara ba su kai 100 ba, kuma sai 4 daga alƙalanta 9 sun yarda ƙara ke shiga jeri. A 2015 malamin shari'a William Baude ya ƙirƙiri wani laƙabi da za a iya fassarawa da jerin inuwa, yana nufin umarnin gaggawa da kotun ke bayarwa ba tare da cikakken sauraro ko dogon bayani ba.

Tambaya ta huɗu

Idan aka koma ga Hausa, uku daga tambayoyin da aka fara da su suna da sunayensu. Ajanda ta amsa me za a duba, jadawali ya amsa yaushe, jeri ya amsa wanne kafin wanne, kuma mai fassara da ya kiyaye wannan rabo ba zai ce ajandar kotu ba inda jerin ƙararraki ake nufi. Ta huɗun, wato a gaban wane alƙali, ba ta da tsayayyen suna tukuna, sai dai a ce rabon ƙararraki. Ga alama ita ce ta fi sauran nauyi, domin wanda zai iya zaɓar wa ƙara alƙali ya yi nisa wajen zaɓar mata hukunci.

A Nijeriya babban jojin kowace kotu ne, ko wanda ya wakilta, ke raba ƙararraki ga alƙalai. A Indiya ma ikon yana hannun Babban Joji, har ana yi masa laƙabi da ubangidan rosta, kuma a ranar 12 ga Janairu 2018 manyan alƙalai 4 na Kotun Ƙoli suka kira taron manema labarai, abin da ba a taɓa gani ba, suna kukan yadda ake tura muhimman ƙararraki ga zaɓaɓɓun alƙalai. Jamus ta bi wata hanya. Sashe na 101 na tsarin mulkinta na 1949 ya hana a raba mutum da alƙalin da doka ta tanadar masa. Don cika wannan sharaɗi, kafin shekara ta kama, kwamitin alƙalan kowace kotu yakan rubuta tsarin rabon aiki na shekarar gaba ɗaya: ƙarar da sunan wanda ake ƙara ya fara da harafi kaza, ko wadda ta zo ta kaza a lissafin shigowa, ɗaki kaza za ta, kuma an fayyace wanda zai maye gurbin alƙali in ya yi rashin lafiya. Tsarin a buɗe yake ga duk mai son dubawa, kuma idan aka kauce masa da gangan, wannan kaɗai ya isa hujjar ɗaukaka ƙara a soke hukuncin.